Zan sayi ƙaramar kyamara ta hannu mai jure ruwa da ƙura, me zan duba?

Malamin Gona:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kyamara. Aikina zagayen gonakin rani ne a wajajen Kura da Kadawa, kuma duk rahoton da zan tura ofis sai da hoto: ganyen da ƙwari suka ci, tsutsa, yanayin ruwa a kanal. Rana da taɓo sun fara cin wayata, ba na so in ƙarasa ta. Wani mai shago ya nuna mini ƙananan kyamarori uku na hannu, irin waɗanda ake cewa ba sa shan ruwa: Olympus TG-4, Olympus TG-5 da Ricoh WG-80. Duk 'yan Beljiyam ne, ba kwali ba takarda, kuma TG-5 ɗin ta fi kuɗi. Akwai hikima a sayen irin wannan na hannu? In akwai, wacce zan ɗauka, kuma me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai shawarata ka haɗa kuɗin ka sayi waya mai kyau da jakar roba. Duk waɗannan ƙananan kyamarorin sensa ɗinsu, wato abin da ke karɓar haske a ciki ya mayar da shi hoto, ƙarami ne, inci 1/2.3, wayoyi da yawa na yanzu sun wuce nan. Da magariba ta kawo kai ko ka shiga cikin sito, hoton waya ya fi nasu haske. Ga shi kana ɗauka sai ka tura ta WhatsApp nan take. Kaya biyu a aljihu, caji biyu, wahala ce.

Mai Hoto Zariya:
Hajiya, maganarki a kan duhu gaskiya ce, ba ja. Amma duba irin aikin da Malam ya faɗa. Tsutsar sharon da ta yi wa tumatir ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, a cikin naman ganye take zama, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, ƙwanta kuwa da ƙyar ido yake ganinsa. TG-4 da TG-5 suna iya ɗaukar abu daga tazarar santimita 1, kuma suna iya ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗa su wuri guda, ƙwaron ya fito tar daga kai har wutsiya. Wayar da za ta yi wannan da kyau kuɗinta ya ninka na kyamarar. Sannan mutumin da hannunsa yake dumu-dumu da taɓo, gilashin waya ba ya jin yatsansa. Kyamara maɓalli ne da ita, ko da safar hannu za ka danna.

Akwai kuma ƙurar hunturu. Kyamarar da idonta yake fitowa waje yana komawa, duk fita da shiga ƙura take zuƙa. Waɗannan kuwa idon yana motsi ne a ciki, bayan gilashi a rufe. A ƙasarmu wannan kaɗai ya isa dalili.

Maman Ilham:
To na ji ta ƙananan ƙwari. Amma sayen na hannu fa? Abin da aka yi don a jefa shi a ruwa, wanda ya sayar da shi ai ya riga ya jefa shi. Wa ya san abin da ta gani?

Baban Sadiƙ Mai Gyara:
Hajiya ta taɓo inda gizo yake saƙa. Bari in yi magana a matsayin wanda ake kawo wa irinsu bayan an gama kuka.

Malam, ƙarfen jikin kyamarar nan ba ya tsufa da wuri. Abin da yake tsufa shi ne robar da ke zagaye da murfin batir da murfin wajen caji. Ita ce ke tare ruwa, ba komai ba. Kamar robar ƙofar firji take: da sabunta tana da laushi tana kamawa, da ta sha shekaru da zafi sai ta bushe ta ƙandare, ƙofa a rufe amma iska tana wucewa. Olympus da kansu a takardar bayanin TG sun ba da shawarar a canza robar nan duk shekara. Yanzu ka lissafa: TG-4 a 2015 ta fito, TG-5 a 2017, WG-80 a 2022. Mutum nawa ka sani da ya taɓa kai kyamararsa a canza mata roba? Mita 15 ɗin da aka rubuta a gaban TG alkawari ne na ranar da ta fito daga kamfani, kuma shi ma na zaman awa ɗaya ne a ruwa. Ba alkawarin wadda ta yi yawo a hannun mutum uku ba ne.

Saboda haka idan ka je, kada ka fara da kunna ta. Fara da buɗe murafan biyu, ka haska fitilar waya. Bi robar da ido tun daga farko har inda ta haɗe. Kana neman tsaga, ko wurin da ya lotsa bai taso ba, ko wurin da ta ɗago daga mazauninta. Taɓa ta da farce a hankali: mai rai za ta lotsa ta dawo, matacciya tauri za ka ji, wani lokacin ma baƙi ya maƙale maka a yatsa. Leƙa can cikin ramin batir inda 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare suke. In ka ga kore-kore ko fari-fari kamar gari, ruwa ya taɓa shiga, ka ajiye musu kayansu ko da tana aiki lafiya a ranar. Tsatsa a hankali take ci, bayan wata biyu ko uku za ka ga maɓalli ya daina amsawa.

Dubi noti-notin da ke jikinta. Idan kansu ya cinye, alamar sukundireba ta taɓa su, an taɓa buɗe ta ke nan. Kyamarar ruwa da aka buɗe a kan teburin kasuwa ba ta komawa yadda take, ni da nake sana'ar nake gaya maka. Idan kuma ka ga farin abu ya daskare a gefen noti ko a lungun maɓallai, gishirin teku ne. Da yawa daga masu sayenta a Turai da Amurka don iyo a teku suke saye, kuma ƙa'ida ita ce a jiƙa ta a ruwan daɗi kamar minti 10 bayan an fito. Wanda bai yi ba, gishirin yana nan yana aiki.

Murafan TG sakata biyu gare su, ɗaya ta rufewa ɗaya ta kullewa. Duka biyun su yi ƙaras, kuma murfin kada ya yi rawa in ka girgiza shi da yatsa.

Ɗan Hadeja:
Baban Sadiƙ, da girmamawa, ina ganin ka tsorata shi da yawa. Ina da Nikon W300 da na saya a hannu, ina shiga da ita fadamar Hadeja zuwa Nguru wajen masunta, a kwalekwale, ruwa ya fantsama mata, ta faɗa cikin ruwa a ciro ta, ban taɓa canza roba ba kuma lafiyarta ƙalau. Ita mita 30 aka rubuta mata. Malam ba nutso zai yi ba. Kanal ɗin da zai tsallaka nawa zurfinsa yake?

Baban Sadiƙ Mai Gyara:
Allah ya ƙara kiyaye maka ita, ɗan'uwa. Ban ce duk ta hannu tana yoyo ba, da yawansu lafiya suke. Abin da nake cewa, kai ka san tarihin taka tun da ta zo hannunka, shi bai san na waɗannan ba. Kuma maganar zurfi, gaskiya ne matsin da ke kan kyamara a mita 10 cikin ruwa ya ninka na iskar da muke ciki, kanal bai kai nan ba. Amma robar da ta tsage ba ta jiran zurfi. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya a kan roba ya isa ya buɗe wa ruwa hanya a cikin bokiti.

Ɗan Hadeja:
Wannan ta yashi na yarda da ita. Ni ma ba na buɗe murfi a bakin ruwa, sai na dawo gida na wanke ta ta bushe.

Malamin Gona:
Na gode ƙwarai. To Baban Sadiƙ, ido kaɗai ya wadatar? Babu yadda za a gwada a tabbatar?

Baban Sadiƙ Mai Gyara:
Akwai. Cire batir da katin memori. Naɗe 'yar takardar tishu busasshiya ka sa a ramin batir, wata 'yar ƙarama a wajen caji, amma ka tabbata ba ta hau kan robar ba. Rufe, kulle, ka nutsa ta a bokitin ruwa mai tsabta. Zuba ido. 'Yan kumfa da suka maƙale a jiki ba komai ba ne, iskar lungu ce. Kumfar da ke fitowa a jere daga wuri ɗaya ba ta tsayawa, ita ce matsala, sai ka ciro ta nan take. In shiru, bar ta kamar minti 10, ka ciro, ka goge ta sosai, sannan ka buɗe murfin yana kallon ƙasa don ɗigon da ke bakin murfi kada ya gangara ciki. Tishu a bushe, ta ci jarrabawar ruwan sama da faɗawa kanal. Jarrabawar mita 15 kuwa bokiti ba ya iya yi mata.

Alhaji Na Kanti:
Ku bari in faɗi ta ɓangaren 'yan kasuwa, don ni ma kayan lantarki na hannu nake sayarwa. Babu mai shagon da zai yi murna ka tsoma masa kaya a bokiti. Mu ma a dila muke saye, ba mu gwada ba. Kyamarar da take aiki lafiya a busasshe, ina iya sayar wa mai ɗaukar hoton biki ko ɗalibi. In ka tsoma ta ta sha ruwa ka ce ka fasa, asarar wa? Ka kashe mini kaya ka tafi. A yi adalci.

Injiniya Bello:
Alhaji, ai in kuɗin kyamarar ruwa aka yanka mata, dole ta amsa sunanta. In kuwa ba za a gwada ba, a sayar da ita a kuɗin kyamarar tudu. Ba a cin riba biyu.

Alhaji Na Kanti:
Injiniya, hakan ma daidai ne, kuma ni na fi son haka. Ina gaya wa mai saye: ban gwada ta a ruwa ba, ba na ɗaukar alhakin ruwa, ga ragi. Amma wasu sai su karɓi ragin, su je su tsoma, su dawo da rigima.

Malam Na Tudun Wada:
Abin da Alhaji ya faɗa na bayyana wa mai saye, shi ne abin da addini ya ɗora mana. Ɓoye aibin da ka sani a kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano tsohon aibin da ba a faɗa masa ba. Mafita a nan ita ce a yi magana kafin a taɓa ruwa. Ko dai ku amince a gwada a gaban mai shago, ku yanke tun farko wanda zai ɗauki asara, ko a yi ciniki a kan cewa ba a lamunce ruwa ba, kuɗin ya sauka daidai da haka. A samu shaida ko a rubuta a bayan rasit. Yawancin rigimar kasuwa daga abin da aka bari a zuci take tasowa.

Mai Hoto Zariya:
Bari in ƙara nawa ɓangaren, don ruwa ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Ka tafi da katin memorinka. Ɗauki farin bango ko sararin sama, ka janyo hoton har ƙarshe sannan ka mayar, ka buɗe a waya ko kwamfuta ka faɗaɗa. Tabo mai duhu da yake zama a wuri ɗaya a kowane hoto, datti ne a ciki, kuma fitar da shi sai an buɗe kyamara, ka ji abin da Baban Sadiƙ ya ce game da buɗewa. Toshe idon da tafin hannu ka ɗauki baƙi, ka duba ko akwai ɗigo ja ko shuɗi. Gilashin gaban TG ba shi da marufi, don haka karkata shi a rana ka nemi ƙarzuwa. Ta gefe da sauƙi, ta tsakiya kuwa duk hoton da ka ɗauka kana fuskantar rana sai ya yi hazo. Leƙa cikin gilashin da fitila: zare-zare kamar yanar gizo funfuna ce, tururi a ciki kuma danshi ne ya samu wurin zama.

Ka saurari ƙarar janyowa, ta tafi sumul ba tare da gurnani ba. Danna kowane maɓalli, juya kowane abin murzawa, kunna filasha, ɗauki bidiyo ka ji murya. Kuma ka tsinko ganye ɗaya a hanya ka gwada ɗaukar kusa-kusa a kansa, tunda don shi za ka saya.

A tsakanin biyun Olympus, kada adadin megafiksel ya ruɗe ka. TG-4 tana da 16, TG-5 tana da 12, amma da gangan aka rage don hoton ya fi tsabta a ƙarancin haske. TG-5 tana ɗaukar bidiyon 4K, kuma wayar cajinta irin ta tsofaffin wayoyin Android ce, ko'ina za ka samu. TG-4 kuwa wayar cajinta ta Olympus ce ta musamman, in ta ɓata sai ka sha yawo.

Injiniya Bello:
Ni kuma ina bayan Ricoh, kuma ga dalilina. Da maganar Baban Sadiƙ za mu yi hukunci: in roba ce abin tsoro, WG-80 ta 2022 ta fi TG-5 ƙuruciya da shekara biyar a fitowa. Tana da 'yan fitilu shida zagaye da idonta, in ka kusanci ganye inuwar kyamara ba ta rufe abin da kake ɗauka. Ita ma santimita 1 take kusanta, ruwa mita 14. Masu aikin gini sun san Ricoh, har suna da G900 da aka yi don wuraren aiki, wadda ake iya goge ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ga araha.

Mai Hoto Zariya:
Injiniya, fitilun nan abu ne mai kyau, na yarda. Amma idon WG-80 daga f/3.5 yake farawa, na TG daga f/2.0, wato TG tana shan haske kusan ninki uku. A ƙarƙashin ganyen masara da sassafe za ka ga bambancin. Kuma TG sensa ɗinta yana motsawa ya rage rawar hannu, WG-80 ba ta da wannan. Maganar inuwa, akwai zoben haske LG-1 da ake ɗaura wa TG. Sannan Malam, ofishinku suna neman hoto mai nuna wurin da aka ɗauka? TG-4 da TG-5 suna da GPS, WG-80 ba ta da shi. A Ricoh sai ka hau WG-6 kafin ka samu.

Malamin Gona:
Suna nema kuwa. Kowace gona sai an nuna inda take, musamman tun da tsutsar masara ta shigo a 2016 aka fara bin diddigin inda ta ɓulla. Wannan ya sa Ricoh ɗin ta fita ke nan.

Injiniya Bello:
In dai GPS sharaɗi ne, to ba ni da ta cewa. Amma ka gwada shi a shagon, ka fita waje ka jira ya kama. Kuma TG-5 tana da wani ɗan maɓalli a sama da aka rubuta LOG, in ka bar shi a kunne yana ta rubuta hanyar da ka bi ko kyamara tana kashe, yana shan batir. Mutane da yawa suna zaton batirinsu ne ya mutu.

Baban Sadiƙ Mai Gyara:
Tunda an zo kan batir: TG-4 da TG-5 su biyun batir LI-92B suke ci. Ciro shi ka ɗora a kan gilashin kanta, ka juya shi da yatsa. In ya yi ta juyi, cikinsa ya kumbura, a canza shi kafin ya maƙale a rami. Ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka tun yanzu, ko biyu ma, tunda ƙauye kake shiga. Na jabu sun cika kasuwa, kuma su zafi ya fi saurin kumburawa.

Zafin nan ma a yi maganarsa. An rubuta tana jure sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili, tana jure faɗuwa daga mita 2.1, tana jure nauyin kilo 100. Ba a cika faɗa maka cewa iyakar zafin aikinta digiri 40 ne ba, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce nan a inuwa. Kada ka bar ta a gaban mota ko a but ɗin babur. Kada ka ɗauko ta da zafin rana ka tsoma a ruwan sanyi, gilashi zai yi tururi. Maganin feshi da taki ma kada su zauna a jikinta, ka ɗauraye da ruwa zalla, ba sabulu ba fetur. Hoto kuma ka riƙa turawa waya ta Wi-Fi da manhajarsu, murfin da ba a yawan buɗewa a cikin ƙura ya fi daɗewa.

Maman Ilham:
To tunda ta kyamara ta yi rinjaye, ga tawa gudummawar. Ka sa ya rubuta maka lambar jikinta a rasit da sunan shago, saboda kayan sata. Kuma ka san farashin sabuwa kafin ka yi tayi: TG-6 da ta fito a 2019 dala 450 aka sa mata, TG-7 ta 2023 dala 550, ita kuma sunan OM System take ɗauke da shi, don Olympus sun sayar da sashen kyamararsu tun farkon 2021. 'Yan shekarun nan matasa sun koma yayin ƙananan kyamarori, na hannu sun yi tsada a ko'ina. In kuɗin tsohuwa ya kusanci na sabuwa, gara ka ƙara haƙuri ka tara.

Malamin Gona:
Salam 'yan uwa, na koma shagon yau da kati da tishu da ganyen tumatir. TG-4 ɗin na ga farin nan a gefen noti biyu na ƙasa, kuma robar wajen cajinta ta yi tauri, na ajiye ta. TG-5 robarta da laushi, ramin batir tsaf, gilashin gaba ba ƙarzuwa, sai allon baya da ya ɗan goge. Farin bango ya fito ba tabo, GPS ya kama da na fita bakin titi. Na ɗauki ganyen, har 'yan gashin jikinsa ana ƙirgawa. Batirin ya ɗan kumbura. Mai shagon ya ƙi bokiti, amma ya ce in biya, in gwada a gida, in ta sha ruwa cikin kwana uku mu raba asara biyu, kuma zai rubuta. Ya rage kuɗin batir. Ban biya ba tukuna, na ce sai na ji daga gare ku.

Malam Na Tudun Wada:
In kun yarda ku biyun kuma an rubuta, ka samu wani ya tsaya shaida a wajen gwajin, don kada a ce kai ka bar murfi a buɗe.

Baban Sadiƙ Mai Gyara:
Yadda ka kwatanta ta, ka ɗauka. Allon baya ka manna masa gilashin kariya, ba ya shafar hoto. Kafin gwajin, goge robar da ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, kada ka shafa mata mai ko basilin. Ka yi gwajin da safe kyamara tana da sanyi, a ruwan da ya kwana a ɗaki, ka sa wani ya ɗauki bidiyo da waya tun daga sa tishu har buɗewa. Kumburarren batirin kada ka mayar da shi ciki ko sau ɗaya. Ka sayi igiyar hannu mai ɗaurewa a wuyan hannu, don kyamarar nan nutsewa take yi in ta suɓuce, kuma ruwan kanal ba a ganin ƙasansa. In ka gama ka turo mana hoton tishun.